FASHIN BAƘI: Wa ke zaɓar sautin da muke ji idan ana nuna sukuwa da hawan dawaki kai-tsaye? Darasi daga Birnin Gwari

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 ne Gwamnan Jihar Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar dabbobi da ta shafe shekaru a rufe, bayan sulhun da gwamnatinsa ta ƙulla da wasu daga cikin 'yan fashin daji. Tun daga lokacin ake ta muhawara. Magoya bayan gwamnati na cewa zaman lafiya ya dawo, masu shakka kuma na cewa a dakata a ga ɗorewarsa. Abin da kowane ɓangare ya fi kafa hujja da shi kuwa shi ne bidiyo: kasuwa ta cika ko ba ta cika ba, motoci na bin hanya ko ba sa bi.

A ƙasar Hausa babu alamar da ke nuna gari ya dawo hayyacinsa kamar a ga dawaki sun fito, ko a hawan sallah ko a filin sukuwa. Masarautar Birnin Gwari ta taɓa soke hawan sallah saboda matsalar tsaro, don haka duk taron dawakin da aka watsa daga can ya wuce nishaɗi, ya zama shaida a cikin waccan muhawara.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A talabijin da wayar hannu kuwa, kunne ne ke gaya wa ido yadda zai fassara abin da ya gani. Taron mutum dubu biyar babu sauti hoto ne kawai. Sai an ji guɗa, ko ihu, ko gunaguni, sannan mai kallo ya san ko murna ake yi ko fushi. Wannan sauti ba ya isowa da kansa. Akwai wani ma'aikaci da ba a nuna fuskarsa, wanda ke zaune gaban na'ura yana ƙara wannan yana rage wancan a kowane sakan. Shi ne injiniyan sauti. Wannan bayani zai duba yadda yake aikinsa, dalilin da ya sa tseren dawaki ke cikin mafi wuyar abin da ake ba shi, da kuma irin ikon da ke ƙarƙashin yatsunsa.

Doki da na'urar watsa labarai

Dangantakar sukuwa da talabijin ta kusa kai shekarun talabijin ɗin kanta. A shekarar 1931 John Logie Baird ya watsa tseren dawaki na Derby daga filin Epsom a Ingila, a lokacin da akwatunan kallo ba su wuce a ƙirga ba. Ana lissafa wannan cikin watsawa ta farko da aka yi kai-tsaye daga wajen ɗakin shirye-shirye.

A nan gida ma filayen sukuwa sun daɗe da zama dandalin mulki. Filin da ake kira Dandalin Murtala a Kaduna tsohon filin sukuwa ne, kuma a Kaduna aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu gagarumin hawan daba a 1956. Filin sukuwar Legas, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960, shi ne ya koma Dandalin Tafawa Ɓalewa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda daga baya ɓangarensa na talabijin ya shiga ƙarƙashin NTA. A 1977 Kaduna ta sake karɓar hawan daba na bikin FESTAC. Har gobe ana sukuwa a Kano, ana yin ta a Yamai da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kuma hawan sallah na manyan masarautu kamar Kano da Zazzau da Katsina na cikin abubuwan da tashoshi ke rububin nunawa.

Ke nan injiniyan sauti a Arewa yana fuskantar taron dawaki iri biyu. Akwai sukuwa, inda sautin da ake nema ke gudu yana tsere masa. Akwai hawa, inda sauti ke masa yawa har yana neman fasa na'ura. Kowanne da dabararsa.

Abin da aikin ya ƙunsa

Aikin yana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin taro. Injiniya zai zagaye fili da ƙafa, ya ga inda dawaki za su tashi da inda za su ƙare, inda jama'a za su tsaya, inda manyan baƙi za su zauna, da inda masu lasifikar sanarwa suka kafa nasu kayan. Zai lura da ɓangaren da iska ke fitowa. Zai nemi wurin da za a ajiye janareto nesa da makirfo, domin ƙugin inji na shiga ko'ina. Zai tsara inda wayoyi za su bi ta yadda kofato ba zai tsinka su ba, su ma ba za su harɗe ƙafar doki ba.

Dukkan wayoyin nan suna komawa teburin haɗa sauti, wanda ma'aikata ke kira miksa, a cikin motar watsa shirye-shirye ko a ƙarƙashin wata rumfa. Kowane makirfo yana da nasa maɓalli da ake turawa sama ko a jawo ƙasa. Abin da mai kallo ke ji a gida gauraye ne na abu uku.

Na farko muryar mai sharhi. Ita ce ginshiƙi, domin idan ta ɓace mai kallo ba zai san dokin da ke gaba ba. A manyan tashoshin duniya mai sharhi kan yi amfani da wani makirfo da ake manna shi a leɓe, wanda aka ƙera don ya ɗauki bakin mai magana ya ƙyale hayaniyar da ke kewaye da shi.

Na biyu sautin wasan kansa: bugun kofato, hucin doki, haniniya, tsawar mahayi, ƙarar linzami da likkafa. Ana kama shi da dogayen makirfo masu sauraron gaba kawai, waɗanda ake sanya wa riga mai gashi don kare su daga iska, ko da makirfo mai faranti kamar kwano wanda ke tattaro sauti daga nesa.

Na uku jama'a. Ana kafa musu makirfo a sama kuma da ɗan tazara, don a ji taro baki ɗaya maimakon mutum guda da ke kusa yana ciniki ko yana zagi.

Bayan wannan akwai aikin da mai kallo ba ya ji ko kaɗan, wato layin da ma'aikata ke magana da juna. Darakta na ba masu kyamara umarni, mai sharhi na sauraron ɗakin shirye-shirye, wakilin da ke cikin fili na jiran a ce masa ya fara. Injiniyan sauti ne ke raba wa kowa abin da zai ji a kunnensa. Dole ya cire muryar wakili daga abin da ake mayar masa, in ba haka ba zai riƙa jin kansa bayan ɗan jinkiri, harshensa ya sarƙe. Kuma duk wannan ana yin sa ne ba tare da damar maimaitawa ba. Tseren mita 1,600 ba ya kai minti biyu. Wanda ya makara da tura maɓalli ya rasa shi ke nan.

Dalilin da ya sa sukuwa ke da wuya

Matsalar lissafi ce. Dokin tsere na gudun kimanin kilomita 60 a awa, wato kusan mita 17 a kowane sakan. Idan makirfo na iya kama bugun kofato da kyau daga mita 30 kafin dawaki su iso zuwa mita 30 bayan sun wuce, amfaninsa bai kai sakan huɗu ba. Wanda ke son rufe hanyar mita 1,600 da makirfo ɗaya a kowace mita 50 yana buƙatar guda 32, kowanne da wayarsa ko na'urarsa ta aikawa, kuma dole a buɗe kowanne a rufe shi daidai lokacin da ayarin ke giftawa. A filin ƙwallon ƙafa 'yan wasa na zagaye ne cikin fili mai tsawon mita ɗari da 'yan kai. A sukuwa filin ne da kansa ke tafiya.

Abu na biyu shi ne yadda sauti ke raguwa. A sarari, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti na faɗuwa da kimanin desibel 6. Daga mita 5 zuwa mita 160 ninki biyar ne, faɗuwar desibel 30 ke nan. A wannan nisa iska da hayaniyar 'yan kallo sun binne kofato.

Abu na uku jinkiri. Haske na isa kyamara nan take, amma sauti na tafiyar kimanin mita 343 ne a sakan. Talabijin a Najeriya na nuna hoto 25 a kowane sakan, don haka kowace mita 14 ta nisa na jawo jinkirin hoto guda. Kyamara na iya jawo doki daga mita 100 ta cika allo da shi, amma makirfon da ke kusa da kyamarar zai ji bugunsa bayan kusan kashi uku cikin goma na sakan. Mai kallo zai ga kofato ya sauka, sai daga baya ya ji shi. Ko bai san dalili ba, zai ji a jikinsa cewa wani abu bai daidaita ba.

Ƙasarmu ta ƙara nata. Filayen sukuwa a nan galibi ƙasa ce da yashi, bugun kofato a kansu kuwa dim-dim ne mai kauri, irin sautin da ƙaramar lasifikar wayar hannu ba ta iya fitarwa. Tun da akasarin matasa a waya suke kallo, injiniya mai lura kan ɗaga sashen sautin da ya fi kaifi, kamar hucin doki da ƙarar kayan sirdi, don gudun ya ji a kunne. Ƙurar hunturu na toshe rigar makirfo tana shiga maɓallai. Zafin bazara na sa na'ura ta ɗauke. Wutar janareto da ba a haɗa ta daidai ba na sanya wani ƙugi siriri a ƙarƙashin komai.

Sautin aro

Saboda waɗannan matsaloli, masu sana'ar a ƙasashen waje sun daɗe da samo wata hanya: su ɗauki sauti tun da wuri, su ajiye, su saka shi a ƙarƙashin hoto lokacin tsere. A 2011 gidan rediyon BBC ya watsa wani shiri kan sautin wasanni, wanda Peregrine Andrews ya shirya tare da Dennis Baxter, injiniyan da ya daɗe yana tsara sautin gasar Olamfik. A cikin shirin aka bayyana cewa rugugin kofaton da masu kallon sukuwa suka saba ji a talabijin ya taɓa kasancewa ɗaukar gudun garken ɓauna ce da aka rage wa sauri. Baxter kansa ya yi bayanin yadda ya ɗauki sautin filafilan kwale-kwale a keɓe ya yi amfani da shi a gasar Atlanta ta 1996, saboda ƙarar jiragen da ke bin 'yan tsere ta hana a ji na ainihi.

Wani lokaci asiri kan tonu. A shekarar 2000 masu sha'awar tsuntsaye a Amurka suka lura cewa kukan tsuntsun da suke ji a wata gasar golf da tashar CBS ke nunawa na tsuntsayen da ba su zama a yankin ne. Tashar ta amsa cewa ɗauka ce ta saka. A 2020 kuma, da annobar korona ta hana 'yan kallo shiga filaye, an riƙa saka shewar jama'a ta aro a wasannin Firimiyar Ingila, sai dai a wannan karon an sanar da masu kallo, har an ba su zaɓin su kalla da ita ko babu ita.

Masu kare wannan dabara na cewa ba su ƙirƙiro abin da bai faru ba: dawaki sun yi gudu da gaske, kofato ya bugi ƙasa da gaske, na'ura ce kawai ta gaza kamawa. Hujjar tana da ƙarfi idan ana maganar kofato. Ƙarfinta na raguwa idan aka zo kan muryar mutane, domin kofato ba shi da ra'ayi, jama'a kuwa suna da shi. Wanda ya saka shewa a inda aka yi shiru ya sanya wa mutane magana a baki.

Hawa: idan sauti ya yi yawa

A hawan sallah matsalar ta juya. Ga tambari, ga kakaki da algaita, ga kalangu, ga maroƙa da masu kirari, ga guɗar mata, ga dogarai na buɗe hanya, kowace tawagar hakimi kuma da makaɗanta. Idan aka buɗe komai gaba ɗaya ba abin da za a ji sai rugugi. Dole injiniya ya san tsarin hawan kamar yadda ɗan fada ya san shi: wace tawaga ke bin wace, yaushe kakaki zai tashi, yaushe mahaya za su sako dawaki a guje su ja linzami gaban sarki su yi jahi, yaushe sarki zai yi jawabi. Wanda bai san kirarin sarautu ba zai iya barin mai sharhi ya yi magana a kan wurin da ya kamata a yi shiru a saurara.

Sai kuma bindigogin gargajiya. Ƙarar harbi a kusa na iya haura desibel 140. Idan ta shiga makirfon da aka buɗe don sauraron algaita, sautin zai fashe ya zama ƙara marar fasali. Shi ya sa ake sanya wa layin wata na'ura mai aikin birki, wadda ke danne duk abin da ya haura iyaka cikin ƙiftawar ido. Haɗarin bai tsaya kan na'ura ba. Ma'aunin cibiyar NIOSH ta Amurka ya nuna cewa bai kamata ma'aikaci ya wuce awa takwas cikin ƙarar desibel 85 ba, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba wannan lokaci biyu. A desibel 100 minti 15 ne kacal. Matashin da ke riƙe da makirfo a gefen masu harbi tun safe har la'asar ba tare da abin toshe kunne ba yana cinye jarinsa ne, domin jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

A Birnin Gwari ƙarar bindiga na da wata ma'ana ta daban. Kalma ɗaya ce, 'yan bindiga, ake kiran masu harbin girmamawa na sarki da ita, ake kuma kiran maharan daji da ita. Sakan goma na harbi da mutane na darewa don ba dawaki hanya, idan aka yanko shi aka tura a WhatsApp ba tare da bayani ba, ya isa ya tayar da hankalin dangi a Kaduna da Funtuwa. Injiniyan da ya fahimci haka ba zai bar harbi ya fita tsirara ba. Zai tabbatar ana jin tambari da shewar murna tare da shi, zai kuma ɗaga muryar mai sharhi lokacin da yake faɗin ko su wane ne ke harbin.

Yadda sauti zai fita daga Birnin Gwari

Haɗa sauti rabin aiki ne, saura fitar da shi. Birnin Gwari na da nisan kimanin kilomita 120 daga Kaduna, ta hanyar da ta ratsa Buruku da Udawa, wadda ta yi shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya suka fi tsoro a Arewa. Ƙaramar hukumar na iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta ne gandun dajin Kamuku yake, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999 kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Motar watsa shirye-shirye dukiya ce mai tsada da ba ta gudu kuma ba ta ɓoyuwa. Duk tashar da ta yanke shawarar tura ta wannan hanya ta yi lissafin rayukan ma'aikatanta tukuna.

Hanyoyin aikawa biyu ne aka fi amfani da su. Ta farko tauraron ɗan'adam mai tsayuwa a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Ba ta dogara da turakun kamfanonin waya ba, amma tana da tsada, kuma hawa da saukar saƙon kaɗai na cin kusan rubu'in sakan. Ta biyu ita ce 'yar jakar da ake goyawa, mai ɗauke da layukan waya da yawa, wadda ke rarraba hoto da sauti a kansu ta aika ta intanet. Ita ce ta sauƙaƙa wa ƙananan tashoshi da shafukan intanet aiki. Rauninta shi ne ranar taro dubban wayoyi na rububin turke guda, sai hoto ya fara tsayawa daidai lokacin da dawaki suka taso. Tun daga 2023 akwai Starlink a Najeriya, wanda ya ƙara wa masu hali wata mafita.

A nan ne wata ƙa'idar sana'ar ke aiki: idan layi ya raunana, a sadaukar da hoto a ceci sauti. Murya na buƙatar ɗan ƙaramin kaso ne na abin da bidiyo ke ci. Mai kallo zai haƙura da hoton da ya daskare muddin yana jin mai sharhi, amma idan sauti ya ɗauke zai tafi. Saboda haka injiniya mai hangen nesa kan ajiye wayar salula guda a buɗe tsakanin fili da tasha, don ko komai ya tsaya a ci gaba da sharhi. Wannan layin kuma shi ne ke ciyar da rediyo, wadda har yanzu ta fi komai isa ƙauyuka da rugage.

Dukkan wannan na iya tsayawa da umarni guda. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta sa aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar, ciki har da Birnin Gwari, 'yan makonni bayan an yi haka a Zamfara. Sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da buɗe su. Gwamnati ta ce ta yi ne don katse hulɗar 'yan fashi da masu ba su bayanai. Amma a tsawon waɗannan makonni mazauna yankin ma ba su da hanyar kiran agaji ko aika wa duniya muryarsu daga inda suke. Wanda ke riƙe da makunnin sadarwa ya fi kowane injiniya iko da abin da za a ji.

Siyasar maɓalli

Hawan dawaki na cikin 'yan lokutan da talaka ke tsayawa kusa da sarki da gwamna da 'yan majalisa, kuma yana da bakin magana. Shewar da aka yi wa wani da shirun da aka yi wa wani labari ne. Shi ya sa hawa ke shiga tsakiyar rikicin mulki. A Kano, 'yan sanda sun hana hawan Babbar Sallar 2024 da na Ƙaramar Sallar 2025 a tsakiyar takaddamar sarauta, alhali a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

Idan taro ya fara yi wa wani babba ihu, injiniya na da sakan ɗaya ko biyu ya yanke shawara, kuma sau da yawa darakta na magana a kunnensa. Tashoshi da dama mallakar gwamnatoci ne ko 'yan siyasa, wasu shirye-shiryen kai-tsaye kuma wanda ake nunawa ne ya biya kuɗinsu. Kowa ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski. Ga kuma fargabar hukuma: a Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar tashar Trust TV naira miliyan biyar kan wani shiri game da 'yan fashin daji, kafin wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a Mayun 2023 cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara.

Ba kowane rage sauti ne zalunci ba. Akwai zagi, akwai kalaman tunzura jama'a, akwai kuma kare rai. A wuri irin Birnin Gwari, makirfo mai jawo sauti daga nesa na iya kama wani yana ambaton sunan wanda yake zargi da kai wa 'yan daji bayanai, ko yana faɗin hanyar da wani baƙo zai bi ya koma, maganar ta fita ga duk mai waya, har da na cikin daji. Domin irin wannan ne wasu tashoshi ke jinkirta shirin kai-tsaye da 'yan sakanni. Ma'aunin da ya dace shi ne a tambayi wanda ake karewa. Idan mutumin da ke cikin taro ake karewa daga cutarwa, aikin ya yi daidai. Idan mai mulki ake karewa daga jin ra'ayin taro, an ci amanar mai kallo.

Mai kallo ma na iya sa kunne. Shewar da ke maimaita kanta da salo ɗaya abar tuhuma ce. Haka tafin da ake ji alhali hannuwan da ke allo ba sa motsi, da hayaniyar da ba ta canzawa ko kyamara ta koma wani ɓangare, da kiɗan da ke shigowa kwatsam daidai lokacin da wani jami'i ya miƙe. Mafi sauƙin gwaji shi ne a kwatanta abin da tasha ta watsa da bidiyon da mutane suka ɗauka da wayoyinsu a wuri guda kuma a lokaci guda.

Abin da ya rage a yi

Akwai matakai da ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Tashoshi su rubuta ƙa'ida a fili cewa ba za a saka muryar jama'a ta aro a shirin kai-tsaye ba, kuma idan an yi amfani da sautin aro na kofato ko makamancinsa a sanar. A riƙa ajiye ɗaukar kowane makirfo daban kafin a gauraya, don idan gardama ta taso a sami abin komawa. Irin wannan ajiya kuma taska ce ga masarautu, domin kirari da take da busa na tafiya tare da tsofaffin da suka san su. A ba masu riƙe makirfo abin toshe kunne, a kuma sanya su cikin lissafin tsaro da inshora kamar yadda ake sanya masu gabatarwa.

Mafi muhimmanci shi ne horar da 'yan gari. Matasan da ke haɗa lasifika a wa'azi da biki, da masu ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa, sun riga sun san rabin aikin. Ɗan Birnin Gwari ba ya buƙatar rakiyar sojoji kafin ya isa fili, ya san muryar bindigar sarki da ta wanin sarki, ya kuma san maganar da fitarta za ta jefa maƙwabcinsa cikin haɗari. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma teburin da ke haɗa sautin sukuwa shi ne zai haɗa na gangamin siyasa, da ma'aikatan nan da maɓallan nan. Matashin da ya koyi tambayar inda aka kafa makirfo, da wanda ya biya kuɗin shirin, da abin da aka rage kafin sauti ya iso wayarsa, zai yi wuyar ruɗuwa da shewar da ba a yi ba.